Aikatau "Ba" a Cikin Jiki Magayi: Nazari da Shawarwari ga Masu Tsara Manhajar Hausa

1.0 Gabatarwa

An daɗe ana koyar da nahawu da adabi a makarantunmu kamar wasu maƙwabta biyu da ba sa ga maciji da juna. Ran Litinin malami zai shiga aji ya rubuta ire-iren aikatau a allo, ya kawo misalan da ba su wuce Audu ya sayi doki ba. Ran Laraba kuma ya dawo da littafin ƙagaggen labari, ya karanto wa ɗalibai jigo da salo da taurari su kwafa. Ɗalibi yakan gama sakandare bai taɓa jin cewa aikatau ɗin da ya haddace ran Litinin shi ne yake ɗauke da labarin da ya karanta ran Laraba ba. Sakamakon haka a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa duba takardun jarrabawa: ɗalibai suna iya faɗin jigon littafi, amma da wuya su nuna inda jigon ya fito a cikin harshen littafin.

Wannan maƙala za ta ɗauki aikatau guda ɗaya tak, wato "ba" na bayarwa, ta bi sawunsa a cikin Jiki Magayi. Mun zaɓi wannan kalma ne saboda tana cikin kalmomin farko da yaro yake furtawa, ba ta kuma buƙatar ƙamus. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, duk wata babbar kwana da labarin ya sha, a kan bayarwa ya sha ta, kuma wanda ya lura da wa ya bayar, wa aka ba, me aka bayar, ya kama bakin zaren littafin. Misalan jimlolin da za a gani a nan namu ne, mun tsara su domin bayani, an bar wa malami da ɗalibansa aikin zaƙulo makamantansu daga cikin matanin.

2.0 Littafin a Taƙaice

Jiki Magayi yana cikin jerin ƙagaggun labarai biyar na farko da aka buga da rubutun boko bayan gasar da aka shirya a Zariya a 1933 ƙarƙashin jagorancin Rupert East. Sauran huɗun su ne Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. John Tafida ne ya rubuta shi tare da shi East ɗin. A cikin biyar ɗin, shi ne wanda ya kafa tubalinsa a kan soyayyar saurayi da budurwa, da abin da kan biyo baya idan dukiya ta shiga tsakaninsu. Saboda haka manazarta da dama suke kallonsa a matsayin kakan littattafan soyayya na Hausa, duk da cewa ramuwar gayya ta cinye kaso mafi yawa na shafukansa.

A garin Galma, Abubakar da Zainab suna son juna. Malam Shehu, attajiri ne wanda Allah bai ba haihuwa ba, ya kuma sa rai cewa ta wajen Zainab zai samu. Dukiyarsa ta rinjayi alkawarin da ke tsakanin masoyan, aka ɗaura masa aure da ita. Abubakar ya bar gari da ƙudurin ramuwa, ya sha baƙar wuya a yawon neman asirin da zai lalata abin da Malam Shehu ya fi ƙauna. Zainab ta haifi ɗa namiji, wanda aka fi sani da Kyauta. Asirin ya kama yaron, ya tashi ɓarawo, ya zubar da mutuncin gidansu, har satar da yake ciki ta zama sanadin mutuwar mahaifinsa. Da ya gane tushen masifarsa sai ya bazama neman Abubakar, amma mutuwa ta riga shi.

3.0 Sigogin Aikatau "Ba"

Kafin mu shiga labarin, ya kamata mu tuna yadda wannan aikatau yake sauya siga, domin a sauyin ne ma'anar take ɓuya. "Ba" yana cikin 'yan aikatau kaɗan da ba su shiga tsarin giredi bakwai da F. W. Parsons ya fitar a 1960 kai tsaye ba, sai dai ɗan'uwansa "bayar" yana bin tsarin giredi na biyar. Sigogin da ɗalibi zai ci karo da su guda huɗu ne:

(a) Idan wanda aka ba wakilin suna ne: ya ba ni, ya ba shi, ya ba su. A daidaitacciyar Hausa ba a sa "ma" a nan, saɓanin sauran aikatau irin su ya kawo mini, ya saya masa.

(b) Idan wanda aka ba suna ne: ya ba Audu, ya ba wa Audu, ya bai wa Audu.

(c) Idan an ambaci abin da aka bayar ba a ambaci wanda aka ba ba: ya ba da kuɗi, ya bayar da kuɗi.

(d) Idan ba a ambaci ko ɗaya ba: ya bayar.

Abin lura a nan shi ne, cikakkiyar bayarwa tana buƙatar abu uku: mai bayarwa, da mai karɓa, da abin da aka bayar. Harshen Hausa kuwa ya tanadi hanyar ɓoye kowane ɗaya daga cikinsu. Siga ta (c) tana ɓoye mai karɓa, siga ta (d) tana ɓoye mai karɓa da abin da aka bayar, sa'annan wakilin suna "an" ko "aka" yana ɓoye mai bayarwa. Marubuci ko mai ba da labari yana da zaɓi ke nan a kowace jimla, kuma zaɓin nasa yakan nuna wanda yake ɗora wa alhaki da wanda yake sauke wa.

4.0 Bayarwa Huɗu da Labarin Ya Tsaya a Kansu

4.1 Bayar da Dukiya

Bayarwa ta farko ita ce ta Malam Shehu. Attajiri a ƙasar Hausa ana gane shi da buɗaɗɗen hannu, kuma a al'adar neman aure akwai kyaututtukan da kowane manemi yake kai wa gidan budurwa, babu mai ganin aibinsu. Malam Shehu bai yi fashi ba, bai sace yarinya ba, ya bi hanyar da al'ada ta yarda da ita. Wannan ne ya sa laifinsa yake da wuyar kamawa ga ɗalibi. Idan aka ce "attajiri ya ba iyayen yarinya dukiya," jimlar ba ta da wani tabo a fuskarta. Tabon yana cikin abin da bayarwar take jira. Bahaushe yana cewa yaba kyauta tukwici, ya kuma san cewa gudummawar biki aba ce da ake ramawa. Wato a tunaninsa, kyauta takan ƙulla igiya tsakanin mai bayarwa da mai karɓa. Wanda ya karɓi abin da ya fi ƙarfin tukwicinsa ya ɗaure kansa. Iyayen Zainab ba su da abin da zai yi daidai da dukiyar Malam Shehu face 'yarsu. Bayarwar farko ke nan ta haifi ta biyu.

4.2 Bayar da Zainab

A nan ne nahawu ya fi yi wa mai nazari amfani. A harshen yau da kullum ana cewa an ba wane mata, ko wane ya ba da 'yarsa, ko an yi baiko. A wurin ɗaurin aure ma waliyyin amarya bayarwa yake yi, wakilin ango kuma ya karɓa. Idan muka rarraba jimlar "an ba shi ita" gida-gida, za mu ga mai bayarwa ya ɓuya a bayan "an," Malam Shehu ya zauna a gurbin mai karɓa, Zainab kuma ta faɗa gurbin abin da aka bayar, gurbin da kuɗi da tufafi suka zauna a bayarwar farko. Abubakar ba shi da gurbi ko ɗaya. Jimlar ta cika ba tare da shi ba, kuma wannan fitarwa da aka yi masa ita ce mafarin duk abin da ya aikata daga baya.

Mun sha jin ana tambayar ɗalibai ko Zainab ta ci amanar Abubakar. Tambayar tana da kyau, amma muna ganin akwai wadda ta riga ta: a cikin al'amarin aurenta, sau nawa Zainab ta zo a matsayin aikau, sau nawa ta zo a matsayin karɓau? Ɗalibin da aka sa ya bi shafukan farko da fensir yana tantance wannan, zai yanke wa Zainab hukuncin da ya dogara da hujja, ko ya same ta da laifi ko ya wanke ta. Har ila yau, malami zai iya jawo hankalin manyan ɗalibai ga kalmar "baiwa," wadda da karin sauti ɗaya take nufin kyauta ko alkawarin aure, da wani karin kuma take nufin macen da aka mallaka. A rubutu ba su da bambanci. Wannan darasi ne na karin sauti, darasi ne kuma na adabi a lokaci guda.

4.3 Bayarwar Ubangiji

Bayarwa ta uku ba ta ɗan'adam ba ce. Bahaushe ba ya cewa ya yi wa kansa ɗa, cewa yake Allah ya ba shi haihuwa. Sunan Kyauta kuwa a al'ada akan laƙaba shi ne ga yaron da aka samu bayan an daɗe ana nema. Marubutan sun ɗauki suna na gama-gari, wanda mai karatu ya saba ji a unguwarsu, suka ɗora masa nauyin labarin gaba ɗaya. Duk lokacin da aka ambaci yaron, an tuna wa mai karatu cewa bayarwa ce ta kawo shi.

Sai dai akwai wani ƙulli a nan. Malam Shehu ya bi ta hanyar dukiya ne ya isa ga abin da dukiya ba ta saye. Ya ba da abin hannunsa domin a ba shi Zainab, domin kuma ta wajenta a ba shi ɗa. A idonsa lissafin ya fita daidai, tunda ɗan ya zo. A idon labarin kuwa akwai wanda aka tauye wa haƙƙi a hanya, ba a kuma biya shi ba. Wannan ne ya sa farin cikin haihuwar Kyauta bai kwantar wa mai karatu da hankali ba, domin ya san Abubakar yana can yana neman nasa rabon.

4.4 Bayar da Magani

A Hausa kalmar "magani" tana ɗaukar abin warkarwa da abin cutarwa, kuma dukkansu ba da su ake yi. Likita yana ba da magani, boka ma yana ba da magani. Abubakar, wanda aka fitar daga jimlar aure, ya yi doguwar tafiya domin ya sami wanda zai ba shi wani abu. Abin da ya roƙa a Galma bai samu ba, abin da ya roƙa a daji ya samu. Da ya dawo sai ya hau gurbin mai bayarwa a karo na farko a cikin labarin, kuma abin da ya fito daga hannunsa guba ce ga rayuwar yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Idan muka jera bayarwar huɗu za mu ga tsarin da suke bi. Ta farko ta fito daga mai arziki zuwa ga iyaye, ta biyu daga iyaye zuwa ga mai arziki, ta uku daga Ubangiji zuwa ga mai arziki, ta huɗu daga wanda aka hana zuwa ga ɗan mai arziki. Aikatau ɗin bai canja ba, abin da ake bayarwa ne yake ta yin nauyi: dukiya, sai mace, sai rai, sai halaka.

5.0 Daga Kyauta Zuwa Bashi

Me ya sa asirin ya mai da yaron ɓarawo, bai haukata shi ko ya kashe shi ba? A ganinmu amsar tana cikin wannan aikatau. Ɓarawo shi ne mai ɗaukar abin da ba a ba shi ba. Yaron da sunansa yake nufin abin da aka bayar ya zama mai ƙin jiran a ba shi, alhali gidan ubansa cike yake da dukiya. Abubakar yana ganin Malam Shehu ya ɗauke masa abin da yake nasa, saboda haka ya saka masa da ɗan da zai riƙa ɗauke na mutane. Hukuncin ya yi kama da laifin, kuma a nan ne ƙarfin zubin littafin yake.

Bugu da ƙari, Hausa tana amfani da "ba" wajen bayyana abin da mutum yake jawo wa zuciyar wani: ya ba ni mamaki, ya ba ni tausayi, ya ba ni tsoro, ya ba ni kunya. Da wannan ma'ana, Kyauta ma mai bayarwa ne, kuma abin da ya ba iyayensa kunya ce. Haka nan akwai "ba da haƙuri," wadda ita ce bayarwar da ta fi kowace araha, wadda kuma da ta samu gurbi a zuciyar Abubakar da labarin ya ƙare tun a Galma. Akwai "ba da baya," abin da Abubakar ya yi wa garinsu. Malami zai iya sa ɗalibai su tattara irin waɗannan sassan jimla su gwada su da taurarin littafin ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wani kuskuren rubutu da ya zama ruwan dare, wato haɗe "ba shi" ya koma "bashi." Ƙa'idar rubutun Hausa ta ce a raba aikatau da wakilin sunan da ke biye da shi, don haka "ya ba shi" daban, "ya ci bashi" daban. Malamai sun gaji da jan layi a ƙarƙashin wannan kuskure. Jiki Magayi yana ba su hanyar koyar da ƙa'idar yadda za ta zauna, domin labarin kansa labari ne na abin da aka ba mutum ya zame masa bashi. Ɗalibin da aka sa ya rubuta sakin layi guda a kan Malam Shehu, ya yi amfani da kalmomin biyu kowace a muhallinta, da wuya ya sake haɗe su.

6.0 Wata Suka da Wani Rauni

Mai karatu zai iya cewa "ba" kalma ce da babu labarin Hausa da zai rasa ta, don haka samunta a wannan littafi ba abin a zo a gani ba ne. Wannan gaskiya ne ta fuskar yawa. Hujjarmu ta tsaya ne a kan muhalli. A cikin Ruwan Bagaja ana iya cire kyaututtuka da dama da Alhaji Imam ya samu a yawonsa, labarin ya ci gaba da tafiya, domin zubinsa na jerin aukuwa ne da kowace take cin gashin kanta. A Jiki Magayi kuwa, a cire ɗaya daga cikin bayarwar huɗu, labarin ya rushe. Wannan gwaji na cirewa abu ne da ɗaliban babbar sakandare za su iya yi da kansu.

Dole kuma mu faɗi raunin da wannan nazari ya fito da shi. Bayan an ba da Zainab, labarin ya fi karkata ga maza: Abubakar da yawonsa, Kyauta da satarsa, Malam Shehu da baƙin cikinsa. Wadda aka yi rigimar dominta ta koma gefe. Littafin ya nuna illar bayar da mace ba da la'akari da zuciyarta ba, amma ya auna illar ne da asarar da maza suka yi. Sai a littattafan baya, irin su So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da ya fito a 1980, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a farkon shekarun 1990, budurwa ta hau gurbin aikau sosai, ta faɗi wanda take so da bakinta, ta tsaya a kai. Bai kamata a ɓoye wa ɗalibai wannan rauni ba, domin kwatanta littafin da na bayansa ta wannan fuska zai nuna musu yadda adabi yake sauyawa tare da al'ummarsa.

7.0 Shawarwari

Na ɗaya, a tsara manhajar babbar sakandare yadda darasin aikatau da karɓau zai faɗo a zangon da ake karanta ƙagaggen labari, a kuma umarci malami ya ciro misalansa daga littafin da ke hannun ɗalibai.

Na biyu, a ba ɗalibai aikin cika jadawali mai gida huɗu: shafi, mai bayarwa, mai karɓa, abin da aka bayar. A raba musu littafin rukuni-rukuni, kowane rukuni ya kawo nasa, a haɗa a allo. Inda gida ya zauna babu kowa saboda "an" ko "ba da," a tambaye su wa aka ɓoye, kuma don me.

Na uku, ga masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu, wanda Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta buɗe wa ƙofa a makarantun jihohin da ba na Hausawa ba, a fara da bambance "ba" na bayarwa da "ba" na korewa. Jimla irin "ba su ba ni ba" tana rikita baƙon harshe ƙwarai, kuma gajeren labari mai sauƙin Hausa irin wannan ya fi jerin jimloli marasa alaƙa saurin warware masa ita.

Na huɗu, masu tsara tambayoyin jarrabawa su rage tambayoyin da haddar bayanin malami take amsawa, su ƙara waɗanda ke neman ɗalibi ya kafa hujja da kalma ko ginin jimla.

Na biyar, kwalejojin ilimi su horar da malamai masu zuwa a kan wannan dabara da wasu aikatau, kamar "ci" da "sha" da "kama," a cikin sauran littattafan da ke manhaja.

8.0 Kammalawa

Mun bi aikatau "ba" daga dukiyar Malam Shehu zuwa auren Zainab, daga haihuwar Kyauta zuwa maganin Abubakar, mun kuma ga yadda sata da kunya suka biyo baya a matsayin sakamakon bayarwar da ba a yi ta bisa adalci ba. Mun nuna cewa sigogin aikatau ɗin suna iya bayyana mai alhaki ko su ɓoye shi, kuma gurbin da tauraro ya samu a jimla yana faɗin matsayinsa a labari. Aikin da muka ba da shawara a kansa ba ya buƙatar kayan aiki fiye da littafin da allo da fensir, saboda haka makarantar ƙauye za ta iya yin sa kamar yadda ta birni za ta yi. Abin da ya rage shi ne masu tsara manhaja su ba shi gurbi a jadawalin zango, malamai kuma su gwada shi a aji su kawo rahoton abin da suka gani.